Gudumar Surukina

Katafila ta taka motata a ƙofar gidana, a unguwar Karantina. Ina tsaye a bakin titi lokacin, bayan igiyar da aka tare hanya da ita, cibiyar tayar gaba tana kan kafaɗata. Ba wanda ya mutu. Mota ce kawai, amma da ita nake ci.

Tsohuwa ce, fara, gishirin teku ya ci ƙasanta. Da ita nake kwaso mata daga kasuwa, da ita nake kai buhunan shinkafa, lokacin layya har raguna take ɗauka a kujerar baya. Sunan wani ne a takardarta. Kusan duk abin da na taɓa riƙewa a garin nan haka yake. A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi babana, kakana ne ya zo hajji a ƙasa bai koma ba. Har yau baƙo nake. Ban yi makaranta ba. Mota na koya tun ina ƙarami, a warsha, garejin wani Bayamane mai yawan zagi, kuma ya koya mini da kyau.

Shekarar da aka rushe unguwar, wata safiya muka tashi muka ga jan fenti a bangonmu. Ban iya karatu ba, amma wannan kalma kowa ya santa a lokacin: izala. Za a kayar. Aka ba da wa'adi. Aka yanke wuta, daga baya aka yanke ruwa. Mutane suka shiga kwashe kaya, ni kuma ina da mota, sai na zama na kowa. Wanda muka yi shekaru ba ma gaisawa ya tuna ni ɗan'uwansa ne. Na kai yarana wajen ƙanwar matata. Namu kayan na ce sai a ƙarshe, tunda motar a hannuna take.

Akas ɗin hagu ya daɗe yana ƙas-ƙas in na karya kwana. Akas shi ne sandar ƙarfen da ke ɗauko ƙarfi daga giya ya kai wa taya. 'Yan Najeriya shaf suke ce masa. Ranar da ya karye, firij ɗin wata tsohuwa ne ɗaure a saman motar, da katifu, da tukunyar gas. Na saki kuloci a ƙofar gida, na ji ƙarar karyewa a ƙarƙashin ƙafata. Inji yana ta kuka, mota tana nan inda take.

Saɗaha, motar da ke goya mota, ba ta shiga lungunmu ko ana zaman lafiya, balle yanzu da ƙusoshi da rodi suka cika hanya. Turawa kuma da wa? Mazan unguwa sun watse. Ga shi a bakin lungun akwai tudun ɓaraguzan wani gida da aka riga aka kayar, sai mota mai ƙarfin kanta za ta hau shi. Hanya ɗaya ta rage mini: in canza akas a nan ƙofar gida, in fitar da ita da ƙafarta kafin katafila ta iso layinmu.

Na je tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, na samo akas na hannu mai lafiya. Na saɓo shi na dawo, na ajiye a but.

Tun motar tana ƙasa na fara da babban notin tsakiya. Sai da na zura bututu a hannun sifana na hau kai da ƙafa biyu kafin ya saki. Na ɗaga ta da jak, na jera bulo a ƙarƙashinta, na cire taya, na cire birki na rataye shi da waya. Rabin akas na ciki bai yi gardama ba. Na sa ƙarfe na ɓanɓare shi daga giya, ya fito, baƙin mai ya biyo shi. Saura guntun waje, wanda ke shige cikin cibiyar taya. Wannan in lafiya yake, da babban yatsa ake tura shi ya fita ta baya. Na tura. Kamar na tura bango.

Tsatsa ce. Iskar teku ta shekaru, da ruwan da ke kwanciya a lungunmu duk sanda aka yi ruwan sama, sun haɗa ƙarfe biyu sun zama ɗaya. Na san maganinta. Ba ƙarfi take so ba, jiƙo take so. Na zuba man birki da kananzir a wurin, na naɗe da tsumma, na bar shi ya sha. In ya sha, sai ka mayar da notin a bakin akas ya yi daidai da kansa, ka ɗora katako, ka riƙa bugawa a hankali. Notin ne ke kare kan. In ka bugi tsiraran kai da guduma, ƙarfen zai baje kamar kan ƙusa, ya fi ramin da zai bi faɗi, shi ke nan ka rufe masa hanya da hannunka. Wannan da mari Bayamanen ya koya mini.

Na yi ta jiƙawa ina bugawa kaɗan-kaɗan. Ranar Alhamis da hantsi na ga abin da nake jira. Wani siririn layi ya tsage a cikin tsatsar, jan ruwa yana tsattsafowa. Ya fara saki. Na ce zuwa la'asar zai fita, Juma'a in ɗaura sabon, mu loda kaya mu bar musu unguwarsu.

A lokacin surukina yana gidanmu. Bahaushen Sudan ne, maƙeri ɗan maƙeri. Ya zo hajji da ƙuruciyarsa ya zauna, ya buɗe 'yar maƙera a wata unguwa kusa da tamu, yana yin wuƙaƙe da murhu da ƙarafan gasa nama. Unguwarsu aka fara kayarwa. Ya fito da rigar jikinsa da guduma ɗaya, babba, ƙotarta har sheƙi take saboda riƙo. Tun da ya shigo gidanmu bai yi wata magana ba sai amsa sallama. Yana zaune a tabarma a zaure, gudumar a gefensa, yana kallon ƙasa. Abinci sai 'yarsa ta yi ta roƙo ya ɗan taɓa.

Ni ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In zan gaishe shi sai na cire takalmi na durƙusa, kuma ban san kalar ƙwayar idonsa ba. Samarin yanzu dariya suke yi wa wannan, suna shan shayi da surukansu ƙafa kan ƙafa. Ni kakata ce ta raine ni. Ta rasa ƙasa, ta rasa dangi, wannan kunyar kaɗai ta ƙetaro teku da ita, kuma ta ɗura mini ita duka. Ban da haka, mutumin nan ya ba ni 'yarsa lokacin da iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ta mutu, ba ni da komai sai sifana, bai tambaye ni ko kalma ɗaya ba.

Maƙwabci ɗaya ya rage mana a layin, mai tsire, mutumin Damagaram. Ya kwashe iyalinsa, amma kullum sai ya dawo, wai ya zo duba ƙofarsa kada a sace. Ranar yana zaune a kan bulo yana kallona.

"Shofer, har yanzu kana shafa mata mai? Amarya ce?"

"Matsa ka ba ni haske."

"Ni da na zo ta'aziyya. Motar nan tun ana zuwa hajji a raƙumi take aiki. Ka bar ta ta huta."

"Naman da kake sayar wa mutane ya girme ta."

Ya yi dariya har da tari.

Sai muka ji taku. Surukina ne ya fito, gudumar a hannunsa. Rabonsa da ƙofar gida tun ranar da ya shigo. Na miƙe na cire takalmi, na taka baƙin mai da tafin ƙafa. Ya tsaya a gaban cibiyar ya daɗe yana dubawa, ya sa yatsa ya taɓa kan akas ɗin.

"Shi ne ya ƙi fita?"

"Shi ne, Baba. Amma ya fara saki."

"Da katako kake bugunsa?"

"Eh, Baba."

"Ya waladi, ɗana, ƙarfe ba ya jin katako." Ya juya wajen mai tsire. "Kai, akwai sauran gawayi a wajenka?"

Mai tsire ya dube ni. Ya ɗan san mota, ya san abin da ke shirin faruwa. Na sunkuyar da kai. Ya tashi ya je ya kawo.

"Baba, da an bar notin a kai," na ce, kuma ƙasa-ƙasa na faɗa.

"Noti zai sha bugun. Cire shi."

Na cire.

Da na ɗaga kai na ga matata a bakin ƙofa, ta riƙe labule. Ba ni take kallo ba, ubanta take kallo. Ya naɗe hannun riga. Ya gyara tsayuwa. Bayan nan nasa da ya ranƙwafa ya miƙe. Da ta juyo gare ni sai ta ɗan girgiza kai. Na gane. In bar shi.

Ya hura wuta a ƙarƙashin cibiyar, yana fifitawa da guntun kwali. Man da ke cikin boris, ƙwallayen da taya ke juyawa a kansu, ya narke yana ɗiga a garwashi yana ƙauri. Boris ya tafi ke nan. Ya yi bismillah ya ɗaga guduma.

Gaskiya ya iya bugu. Tsoho ne, amma gudumar wuri ɗaya take sauka, ba ta kaucewa, kowane bugu sai motar ta girgiza a kan bulo. Yana yi yana fitar da numfashi ta hanci yadda maƙera ke yi. Ina tsaye ba takalmi ina kallon kan akas ɗin yana bajewa. Haƙoran da noti ke bi suka kwanta. Kan ya yi faɗi, ya yi leɓe, ya rufe bakin ramin. Da garma aka ba shi, da ta fito mai kyau.

Mai tsire ya matso kusa da kunnena.

"Shofer, ka yi magana mana."

"Kai ka yi."

"Ba surukina ba ne."

"To ka yi shiru."

Har azahar yana yi. Ya ajiye guduma, gumi ya jiƙa rigarsa, fuskarsa ta washe.

"Taurin kai gare shi," ya ce. "Ƙarfen zamani ne, ba hannu ya ƙera shi ba. Gobe bayan masallaci zan gama da shi."

"Allah ya ƙara lafiya, Baba."

Ranar ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari. Ina jinsa daga waje yana ba 'yarsa labarin maƙerar babansa a bakin kogi.

Na tsuguna na duba ɓarnar. Yanzu sai an yanke kan da injin yankan ƙarfe, ga shi ba wuta a unguwar. Na gwada magagari, ya yi ta zamewa, ƙarfen ya fi shi tauri. Abin da ya rage shi ne in kwance cibiyar gaba ɗaya da hannun da ke riƙe da ita, in kai warsha a yanke a matse. Da na tashi a lokacin, da na same su a buɗe. Na shiga tsakar gida na tarar da matata tana wanke kwanuka da ruwan jarka.

"Zan kwance cibiyar in kai warsha yanzu, kafin su rufe."

"Ya ce gobe zai gama."

"Ba zai fita ba. Kan ya baje. Ko shekara zai yi yana bugu."

"In ya fito gobe ya ga babu, me zan ce masa?"

"Ki ce na kai warsha."

"Wato in ce masa ya ɓata." Ba ta ɗago ba. "Yau ya ci abinci, Baban yara. Ka ga kwanon? Gobe kaɗai nake roƙo. Ai ba sa rusau ranar Juma'a."

"Warsha ma ba ta buɗewa ranar Juma'a."

"To Asabar."

"Saurara," na ce.

Muka kasa kunne. Ana jin katafila a bayan masallacin unguwa, tana ja da baya tana ƙara, bango yana zubewa. Wa'adinmu ya riga ya wuce, mu biyun mun sani. Ta ci gaba da wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Na bar cibiyar a jikin motar.

Juma'a bayan masallaci ya sake fitowa. Ya sake hura wuta. Wannan karon hannun bai kai na jiya ba. Yana bugawa yana hutawa. Wani bugu ya kauce ya lotsa gefen motar, ya tsaya yana kallon wurin. Mai tsire bai yi wasa ba ranar, yana ta tonon ƙasa da tsinke. Wajen la'asar tsohon ya zauna a kan bulo, ya ɗora gudumar a cinya, yana haki.

"Ya waladi."

"Na'am, Baba."

"Na sassauta shi. Saura kaɗan. Ka kai wa masu inji su ƙarasa."

"To, Baba."

Kafin magariba na kwance cibiyar. Asabar ina idar da sallar asuba na saɓa ta a kafaɗa na fita. Ba mai tasi da zai ɗauki mutum da ƙarfe mai baƙin mai. Na taka har babban titi, na samu wata motar kaya ta rage mini hanya. Na zauna a ƙofar warsha har rana ta ɗaga kafin mai ita ya zo. Ya buɗe, ya kunna fanka, ya haɗa shayi, sannan ya karɓa. Ya juya ta a hannu, ya ga kan akas ɗin, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Kai makanike ne ko mahauci?"

Ya yanke kan da inji, ya ɗora cibiyar a matsi, ya ja hannu. Guntun ya faɗo ƙasa kamar ƙwallon dabino. Ya sa sabon boris. Shayinsa bai huce ba ya miƙo mini.

Tun daga nesa na ga ƙura a inda layinmu yake. Na yi gudu, ƙarfen yana dukan ƙashin wuyana. An ja igiya a bakin titi, wani mai gadi yana tsaye.

"Mamnu'," ya ce. An hana shiga.

"Motata tana ciki. Ga kayanta, yanzu zan ɗaura."

"An ba ku wa'adi."

An ba mu. Ba ƙarya ya yi ba.

Matata da ubanta suna gefen titi a kan ƙullin kaya. Mai tsire ne ya taimaka musu suka fito da abin da hannu zai ɗauka: tufafi, tukwane, takardun yara. Gado da firij da sauran suna ciki. Gidajen da ke gabanmu sun riga sun faɗi, don haka daga inda nake ina ganin ƙofarmu sarai, da motar a kan bulo, fara, hancinta a sama.

Direban bai ko dube ta ba. Aikinsa yake yi. Ya ture ta gefe da bakin katafila, ta sauko daga bulon ta kwanta a kan gefen da ba taya. Ya kayar da bangon zaurenmu, rabinsa ya zubo mata. Da zai ja da baya ya bi ta kanta. Gilasai suka fashe, rufin ya haɗu da kujeru. Akas ɗin da na saɓo daga tashlih yana cikin but.

Mai tsire ya zo ya tsaya kusa da ni. "Shofer," ya ce.

Surukina ya taso da gudumarsa, ya dubi abin da ke kafaɗata. Idonsa ba ya ganin nesa, ban san ko ya ga motar ba. Ya sa yatsa a ramin cibiyar, ya ji ba komai a ciki.

"Ya fita?"

"Ya fita, Baba."

"Na gaya maka saura kaɗan."

"Haka ne, Baba."

Sai a lokacin na lura na cire takalmi. Ban san sanda na yi ba.

Na kira mutumin da sunansa ke takardar motar na gaya masa. Ya ce halas, shi ke nan, ya kashe waya.

Ni da matata ba mu taɓa tayar da maganar ba. Wani lokaci in tana zuba mini abinci sai ta ƙara nama, ni kuma in ci. Tsohon yana nan tare da mu. Yana cin abinci yanzu, yana hira. In baƙi sun zo yakan ba su labarin wani ƙarfe mai taurin kai da ya gagari surukinsa makanike, sai da shi ya sa hannu. Sukan juyo su dube ni, in ce haka aka yi.

Cibiyar tana nan, da ita muke tokare ƙofa in zafi ya yi yawa. Boris ɗinta sabo ne, in ka juya ta da yatsa ba ta ko ƙara.

Yanzu ina Balad, tsohon garin Jidda, a ɗaki biyu a saman wani tsohon gidan dutse, bene mai duhu. Kura nake turawa a kasuwa, ina kai wa masu shaguna kaya daga bakin titi zuwa cikin lunguna inda mota ba ta shiga.